Ƙyandar da Ba Ta Fesowa



Kowace uwa ta san ƙyanda, wato baƙon dauro: zazzaɓi, tari, jan ido, sannan ƙuraje su feso daga bayan kunne su gangaro jiki. Ƙurajen nan shaida ce cewa garkuwar jiki na yaƙi da cutar. Yaron da ke fama da sankarar jini kuwa, cutar da magungunan da ake ɗura masa sun riga sun karya masa garkuwa. Sau da yawa ƙyanda kan shige shi ba ƙurji ko ɗaya, a ɗauka mura ce ta wuce.

Ba ta wuce ba. Ƙwayar cutar takan lallaɓa ta shiga ƙwaƙwalwa, tana bi daga jijiya zuwa jijiya. Bayan wata ɗaya zuwa shida, sai yatsa ko gefen baki ya fara fizga ba tsayawa, a wuni a kwana yana yi. Maganin farfaɗiya ya kasa tsayar da shi. Yaro ya rikice, gani ko magana su raunana, wani ya shiga doguwar suma. A nan ne wasu iyaye kan ce iska ce, domin wa zai tuna da murar watanni huɗu baya? Kusan uku cikin huɗu na waɗanda wannan kumburin ƙwaƙwalwa ya kama ba sa tashi, waɗanda suka tsira kuma galibi da naƙasa. Har yau babu tabbataccen magani.

A shekarar 2015, ƙyanda ta ɓulla tsakanin yara masu sankara a wani asibitin yara na birnin Shanghai a ƙasar Sin. Yara 23 suka kamu, 5 suka rasu, alhali akasarinsu an yi musu rigakafi tun suna ƙanana. Maganin sankara yakan goge kariyar da allurar ta bari.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne, ba a yi wa irin wannan yaro allurar ƙyanda yana tsakiyar magani, saboda tana ɗauke da rayayyar ƙwayar cuta da aka raunana. Kariyarsa tana hannun yayyensa da ƙannensa da 'ya'yan maƙwabta. Sai an yi wa kashi 95 cikin 100 na yara allura sau biyu ake datse yaɗuwar cutar, wadda ƙwayarta kan yi awa biyu a iskar ɗaki bayan mai ita ya fita. A Najeriya ana yin ta farko a wata 9, ta biyu a wata 15.

Iyayen da ke jinyar irin waɗannan yara, musamman a lokacin bazara da ƙyanda ke yawaita: in yaronku ya haɗu da mai ita, kada ku jira ƙuraje. Ku sanar da likitansa a ranar. Akwai allurar sinadarin garkuwa da ake yi masa, amma sai a cikin kwana shida na haɗuwar take amfani.