Yadda Ake Tsara Kunnawa da Kashe Uwar Garke a Ofisoshin Gwamnati

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan ofis, kamar jerin albashin ma'aikata, takardun filaye da rasidin haraji. Idan wuta ta ɗauke tana tsakiyar adana bayani, aikin watanni na iya lalacewa, manomin da ya taso daga ƙauye neman takardarsa ya koma hannu rabbana. Don haka muka ga ya dace mu bayyana yadda ake kiyaye hakan.

Ana kunna uwar garke da kashe ta ne da rubutaccen umarni, wato jerin matakan da na'urar ke bi da kanta. Ƙa'idar ɗaya ce a ko'ina: abin da ya fara tashi shi ake tsayarwa a ƙarshe. Hanyar sadarwa ce ke fara tashi, sai rumbun bayanai, sannan manhajar da ma'aikata ke aiki da ita. Wajen kashewa kuwa sai a faro daga baya.

Wurin ajiye umarnin ne ya bambanta. Tun daga Windows 2000, ta Group Policy ake shigar da shi, kuma na'urar kan jira shi har daƙiƙa 600. A tsohon tsarin Linux ana ajiye shi a /etc/init.d, a sunayen mahaɗan da ke nuni gare shi kuma harafin S ke nufin tayarwa, K kuma tsayarwa, lambar da ke biye ta nuna wanda zai riga wani. Tsarin systemd da ya fito a 2010 ya maye gurbinsa a Red Hat a 2014, a Debian da Ubuntu kuma a 2015. Shi daƙiƙa 90 yake ba kowane aiki kafin ya katse shi da ƙarfi. Kwamfutocin Apple suna amfani da launchd tun 2005. Idan rumbun bayanai na buƙatar lokacin da ya wuce wannan wa'adi, wajibi ne a ƙara shi.

Muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su haɗa uwar garke da na'urar ajiyar wuta ta UPS, a tsara ta yadda za ta ba da umarnin kashewa kafin batir ya ƙare. A gwada tsarin bayan tashi daga aiki, a kuma rubuta matakan a takarda domin wanda zai gaji kujerar. Jama'a kuma su yi haƙuri idan jami'i ya dakata da aiki don kashe na'ura bisa ƙa'ida. Takardunsu yake karewa.