Uwargida, Ko Kin San Aikin Kiwon Lafiyar Al'umma Na Jiran 'Yarki?

Da za ki tara 'yan matan unguwarku da ke karatun kimiyya a sakandare ki tambaye su abin da suke so su zama, da wuya amsarsu ta wuce uku: likita, ko nas, ko ungozoma. Duk ayyuka ne masu daraja, sai dai guraben karatunsu kaɗan ne, masu nema kuwa ba iyaka. Shi ya sa duk shekara za ki ga yarinya mai ƙoƙari ta ci jarrabawa amma ba ta samu gurbin likitanci ba, sai gwiwarta ta yi sanyi, iyaye ma su ce to shi ke nan, ta zauna a gida. Alhali kuwa akwai wani babban fanni da ke neman irinta ruwa a jallo, wato kiwon lafiyar al'umma da bin diddigin cututtuka.

Wane irin aiki ne?

Likita yana zaune a asibiti, mara lafiya ya zo ya same shi, ya duba shi ya rubuta masa magani. Shi kuwa ma'aikacin lafiyar al'umma, unguwa ko ƙauye ko jiha baki ɗaya ita ce mara lafiyarsa. Idan yara goma suka zo da amai da gudawa a mako guda, likita zai sa musu ruwa, shi kuma mai bin diddigi zai tashi ya tambaya: su wane ne suka kamu, a ina suke zaune, yaushe abin ya fara, daga wace rijiya suke sha? Da amsar waɗannan tambayoyi ake gano tushen cuta a toshe shi kafin ya kai ga yaro na ɗari.

Ki dubi abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010. Ƙananan yara suka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka bayan amai da jijjiga, aka yi ta zaton zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma magani ya ƙi ci. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ankarar da hukuma, aka tura masu bincike suka bi gida gida a ƙauyen Dareta da ke ƙaramar hukumar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum. Suka ƙirga yara, suka ɗebi jini, suka ɗebi ƙasar tsakar gida. Sai aka gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yaran da ba su kai shekara 5 ba a ƙauyukan biyu sun rasu a cikin shekara guda. Dalili kuwa shi ne duwatsun zinare da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa suna ɗauke da gubar dalma. Ƙurar ta zauna a tsakar gida, yaro na rarrafe ya sa hannu a baki. Fiye da yara 400 ne suka rasu a jihar. Da aka gane tushen, sai aka kankare ƙasar gidajen aka zuba sabuwa, aka nemi a fitar da aikin daka daga cikin gari, aka ba yaran maganin da ke fitar da gubar daga jini. Kin ga ke nan da ba a bi gida gida an yi tambaya ba, da an ci gaba da ba da maganin zazzaɓi ana binne yara.

Abin da fannin ya yi mana

Idan kin manyanta, za ki tuna da kurkunu, yadda yake kwantar da manomi a tsakiyar damina. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu ɗauke da shi fiye da 650,000 a Nijeriya. Ba shi da allurar rigakafi, ba shi da ƙwayar magani. Da tace ruwan sha, da gina rijiyoyi, da 'yan sa-kai da ke kai rahoton duk wanda ya kamu aka ci ƙarfinsa. An ga na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙasar ta rabu da shi a 2013.

Haka shan inna mai yaɗuwa da kanta: an ga ta ƙarshe a Borno a 2016, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita ranar 25 ga Agusta, 2020, duk da cewa ana ci gaba da ɗiga wa yara maganin saboda wani nau'in ƙwayar da ke ɓulla a inda rigakafi ya yi ƙaranci. A 2014 kuma, da wani matafiyi ya shigo Legas da cutar Ebola, masu bin diddigi sun bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, suna zuwa wurin kowa kullum har kwana 21 suna auna zafin jikinsa. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cutar ta tsaya nan.

Ga kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano na cikin jagororin wani bincike da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda sakamakonsa ya fito a 2023. An riƙa shimfiɗa wa mai haihuwa wata leda mai ma'auni da ke nuna yawan jinin da ya zuba, maimakon a kimanta da ido, da ya kai wani mizani sai a haɗa mata magunguna da sauran matakai lokaci guda ba tare da jira ba. Zubar jini mai tsanani da illolinsa suka ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Me ya sa sai mata?

Ke kin fi kowa sanin dalili. Gidajenmu da yawa namiji baƙo ba ya wuce zaure. Maigida zai amsa tambayar ma'aikaci a ƙofar gida, amma ba lallai ya san sau nawa jariri ya yi gudawa jiya ba, ko ranar da ƙuraje suka fito wa yarinya. Uwa ce ta sani, ita kuma ba za ta saki jiki ta faɗi matsalar ciki ko ta jego ba sai ga mace 'yar'uwarta mai jin harshenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Idan ba mu tura 'ya'yanmu sun koyi aikin ba, wa muke jira ya shigo ɗakunanmu?

Addininmu ma bai bar mu a duhu ba. Manzon Allah (SAW) ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana na ciki fita, wanda shi ne killacewar da masana ke yi a yau. Da wannan umarni Sayyidina Umar (RA) ya juya da tawagarsa a kan hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can. Sahabiya Rufaida Al-Aslamiyya (RA) kuwa tanti gare ta a masallacin Madina tana jinyar masu rauni, a nan aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu (RA) bayan yaƙin Khandaƙ. Malamai sun sanya ilimin lafiya cikin farillar da idan wasu suka ɗauke ta faɗi a kan saura, idan kowa ya bari kuwa laifin ya hau kan kowa.

Ta ina ake shiga?

Tushe shi ne sakamakon sakandare mai kyau: kiredit 5 a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fizis. Daga nan hanya ta kasu.

Hanya ta farko ita ce kwalejojin fasahar kiwon lafiya, waɗanda kusan kowace jiha tana da nata, kamar tsohuwar makarantar koyon tsafta ta Kano. A nan ake horar da ma'aikatan lafiyar al'umma da ake kira CHEW, karatun shekara 3, da ƙananansu JCHEW, shekara 2. Su ne ke riƙe da ƙananan asibitocin unguwanni da ƙauyuka: awon ciki, rigakafi, auna yara masu tamowa. A nan kuma ake koyon aikin duba-gari da na adana bayanan marasa lafiya. Wadda ta yi CHEW ta samu gogewa tana iya ƙaro karatu a asibitin koyarwa ta zama jami'ar lafiyar al'umma, wato CHO.

Hanya ta biyu jami'a ce, ta hanyar JAMB. Ba likitanci kaɗai ke kai mutum wannan fanni ba. Akwai digirin kiwon lafiyar al'umma, da na gwaje-gwajen asibiti, da na ƙananan halittu, da na abinci mai gina jiki, da likitancin dabbobi, har ma da ƙididdiga. Yarinyar da ta iya lissafi amma ba ta son ganin jini, wurinta na nan.

Hanya ta uku ta wadda ta riga ta yi digiri ce, watakila ma ke da kanki. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero suna ba da digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma. A 2008 aka fara shirin NFELTP, horo na shekara 2 ga likitocin mutane da na dabbobi da masu aikin ɗakin gwaje-gwaje, wanda akasarinsa a fagen aiki ake yi ba a aji ba. Ɗaliban shirin na cikin waɗanda suka yi aikin Zamfara da na Ebola.

Wuraren aiki kuwa sun haɗa da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda kowace daga cikin 774 ke da jami'in sa ido kan ɓullar cututtuka, da ma'aikatar lafiya ta jiha, da hukumar lafiya a matakin farko, da hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018, da ƙungiyoyi irin su UNICEF.

Sanin makamar aiki

Takarda kaɗai ba ta isa ba, masu ɗaukar aiki suna tambayar me mutum ya taɓa yi. Idan lokacin horon sanin makamar aiki na SIWES ya zo, kada 'yarki ta nemi inda za a sa mata hannu ta dawo gida. Ta nemi sashen rigakafi ko ofishin jami'in sa ido, ta koyi cike fom ɗin rahoto, da ɗaukar samfuri, da yadda ake ajiye allurai cikin sanyi. Lokacin zagayen rigakafi, da rabon gidan sauro, da rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 duk wata a damina, ana ɗaukar ma'aikatan wucin gadi ta hannun asibitin mazaɓa. Alawus ɗin ba yawa, amma nan ake sanin mutum. Ta riƙa ajiye duk takardar shaidar da aka ba ta. Wajen bautar ƙasa ta nemi a tura ta ɓangaren lafiya, kuma matar aure tana da damar neman a bar ta a jihar da mijinta yake. Sannan ta koyi kwamfuta, musamman Excel, domin yanzu da waya da kwamfuta ake tattara bayanai.

Inda za ki yi hattara

Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yi yawa, kuma ba duka ke da izini ba. Kafin ki sayar da ɗan kunnenki ki biya kuɗin makaranta, a bincika a ma'aikatar lafiya ta jiha ko hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin. In ba haka ba, yarinya za ta gama ba lasisi, shekarunta da kuɗinki sun tafi a banza. Haka duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya samo mata takardar ɗaukar aiki a wata ƙungiya, ki kama kanki, ƙungiyoyin gaskiya ba sa sayar da aiki.

Kada kuma a ɓoye miki, aikin na da haɗari. Dokta Stella Adadevoh, wadda ta hana mai Ebolan nan fita daga asibiti, ta kamu ta rasu a watan Agustan 2014. A Fabrairun 2013 an harbe mata 9 masu aikin rigakafin shan inna a Kano. Akwai tafiye-tafiye, akwai jinkirin albashi a wasu wurare, aikin ƙungiyoyi kuma na kwantiragi ne, yana ƙarewa idan tallafi ya yanke. Don haka a zauna da maigida tun farko a yi shawara, in an zo maganar aurenta kuma a faɗa wa manemi gaskiyar aikinta kafin a ɗaura. Cikin fannin akwai na ofis da na ɗakin gwaji da na koyarwa, ana iya zaɓen wanda ya dace da mai goyo.

Naki aikin, uwargida

Ki fara tun tana aji uku na ƙaramar sakandare, lokacin da ake raba ɗalibai. Ki rage mata aikin gida a lokacin jarrabawa, ki raba shi da 'yan'uwanta. Ranar da za ki kai ƙaninta rigakafi ki tafi da ita, ki gaisa da ma'aikaciyar, ki bar ta ta yi tambaya. Idan kiredit ɗin kemistiri ko lissafi ya kuɓuce mata, a sake biya mata ta gyara, ba abin kunya ba ne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, to masu yin rigakafin ma sai an raine su, kuma a ɗakunanmu za a raine su.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba su ilimi mai amfani, Ya kare mu daga annoba. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.