Tururi Ba Hayaƙi Ba Ne: Hattara da Ƙunar da Ba A Ganin Zuwanta

Duk wanda ya taɓa girki a hostel ya san wannan yanayin. Lakca ƙarfe takwas, wake na kan risho, kana sauri ka ɗaga murfi ka duba ko ya nuna, sai ka ji kamar an tsaga maka bayan hannu da reza. Wuta ba ta taɓa ka ba, ruwa bai zubo maka ba, amma kafin ka isa aji hannu ya yi bororo. To, aikin tururi ke nan.

Da yawanmu muna raina shi don muna ganin ai iska ce kawai. Amma 'yan kimiyya da injiniya sun san lissafin. Kafin giram ɗaya na ruwa ya tashi daga digiri 0 zuwa 100, yana buƙatar zafi kimanin jul 420. Kafin wannan giram ɗin da ya riga ya tafasa ya rikiɗe ya zama tururi kuwa, sai ya sha wani jul 2,260 a kai. Ina wannan zafin yake tafiya? Yana nan ɓoye a cikin tururin. Da zarar ya taɓa fatarka ya koma ruwa, sai ya sauke maka shi gaba ɗaya, sannan ruwan da ya zama ya ci gaba da ƙona wurin. Shi ya sa giram ɗaya na tururi ya fi giram ɗaya na tafasasshen ruwa ɓarna nesa ba kusa ba.

Wani abin kuma, farin hazon da kake gani a saman buta ba shi ne ainihin tururin ba, ɗigon ruwa ne da ya fara hucewa. Duba daidai bakin butar, za ka ga ɗan wurin da babu komai. Nan ne ya fi zafi, kuma ido ba ya ganinsa.

A ina muka fi gamuwa da shi? Na farko wajen girki: tukunyar shinkafa, alala, madambaci, da bokitin da aka sa wa hita aka rufe. In za ka buɗe, ka ɗaga murfin ta gefen da ke nesa da kai, ya zama garkuwa tsakaninka da tururin. Kada ka sauke tukunya da jiƙaƙƙen tsumma, don ruwan da ke jikinsa yana kai zafi hannunka nan take. Tukunyar firesha kuwa cikinta kan kai digiri 120, saboda haka kada a buɗe ta sai ta gama sakin iskarta.

Na biyu sirace. Mura ta kama mutum, ya lulluɓa da bargo a kan tafasasshen ruwa, fuska dab da tukunya. Ko tururi ya dafa fuska, ko tukunyar ta kife a cinya. In dole sai an yi, a sauke ta daga wuta, a ajiye a ƙasa, a bari ta ɗan huce. Yara kuwa kada a yi musu.

Na uku wokshop da ɗakin gwaje-gwaje. Masu aiki da tukunyar kashe ƙwayoyin cuta su jira allurar ma'auni ta dawo sifili kafin su buɗe. 'Yan kanikanci kuma, don Allah kada a kwance murfin lagireto injin na da zafi. Ruwan ciki a matse yake, yana iya wuce digiri 100, kana buɗewa zai feso maka a fuska.

To idan ƙaddara ta faɗa fa? Ka sa wurin a ƙarƙashin ruwan famfo mai sanyi har minti 20. In ba ruwa a famfo, kamar yadda muka saba, a riƙa zubawa da buta ko fiya wata. Cire zobe, agogo ko awarwaro tun kafin wurin ya kumbura, amma kada a fizge tufafin da ya manne da fata. Sannan a rufe da tsabtataccen ƙyalle marar gashi.

Ban da ƙanƙara, ban da makilin, ɗanyen ƙwai, manja ko gishiri, komai nacin abokin ɗakinka. Suna ƙara lalata fata ko su jawo ƙwayoyin cuta. Kada kuma a fasa bororo.

A tafi kilinik kai tsaye idan ƙunar ta kai faɗin tafin hannu, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, ko numfashi ya fara wuya. Haka nan in fatar ta yi fari fat kuma ba ta zafi, kada ka yi murna, alama ce ƙunar ta yi zurfi.

Hannun da za ka rubuta jarrabawa da shi ne. Jira minti biyu tukunya ta huce bai kai zaman jinya na sati biyu ba.