Gyara, Garambawul ko Farfaɗowa: Sunan Aikin Maido da Kumbon da Ya Lalace

A Dundaye, inda mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato yake, ɗaliban Hausa da na kimiyya suna karatu a haraba ɗaya, kuma akwai tambayar da ta shafi ɓangarorin biyu, wato sunan da ya dace da aikin maido da kumbon da ya lalace a sararin samaniya bakin aikinsa. Hausa ta riga ta mallaki kalmomin kumbo da tauraron ɗan'adam da 'yan sama jannati, sai dai kalmar gyara, wadda ake yi wa keke da rediyo, ta yi faɗi da yawa, domin ayyukan da ake kira da ita a wannan fage sun sha bamban.

Tashar sararin samaniya ta Salyut 7 ta Tarayyar Sobiyat ita ce misalin da ya fi fito da wannan bambanci. A watan Fabrairun 1985 tashar ta daina amsa saƙo daga ƙasa, batiranta suka mutu, sanyi ya daskarar da ruwan da ke cikinta. A watan Yunin shekarar aka tura 'yan sama jannati Vladimir Dzhanibekov da Viktor Savinykh cikin kumbon Soyuz T-13, suka haɗa shi da tashar da hannu saboda na'urorinta ba sa aiki, suka shiga cikin duhu sanye da kayan sanyi, sannan suka juya faifan da ke karɓar hasken rana ya fuskanci rana har batiran suka fara ɗaukar caji. Wannan aiki farfaɗowa ya kamata a kira shi, kalmar da ake faɗa wa wanda ya suma ya dawo hayyacinsa, tun da tashar ba ta wargaje ba, aikinta ne ya tsaya cak.

Garambawul kuwa, a bakin makanikai, shi ne a kwance inji a sauya abin da ya ci, a sake ɗaure shi, kuma haka aka yi wa tauraron ɗan'adam Palapa B2 na Indunisiya, wanda ya kauce wa hanyarsa a 1984, jirgin Discovery na Amurka ya ɗauko shi zuwa ƙasa a watan Nuwamba, aka sake harba shi a 1990. Madubin hangen nesa na Hubble gyara kawai aka yi masa a Disambar 1993, lokacin da aka ƙara masa na'urar da ta daidaita kuskuren madubinsa. Kwaskwarima, wadda wasu ke sakin baki su faɗa, ba ta da gurbi a nan, domin ita adon waje ce.

Nijeriya ma tana da nata labarin. Tauraronta NigComSat-1, wanda aka harba daga ƙasar Sin a watan Mayun 2007, ya daina aiki a Nuwambar 2008 bayan faifansa na hasken rana ya samu matsala, kuma ba a je wurinsa ba balle a taɓa shi. NigComSat-1R da aka harba a Disambar 2011 sabon tauraro ne dungurungum, don haka maye gurbi aka yi, kuma duk marubucin da ya ce an gyara na farkon ya ɓatar da mai karatu.