Fuka, Borin Jini da Cututtukan Numfashi Masu Tsanani

Da aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar korona a Yamai ranar 19 ga Maris 2020, masu ciwon fuka na cikin waɗanda aka fi yi wa fargaba, domin huhun da ƙurar hunturu kaɗai ke toshewa, ina zai iya da sabuwar annoba? Sai lamarin ya zo da ban mamaki: a asibitocin Wuhan na ƙasar Sin masu asma, wato fuka, ba su yi yawan da aka zata ba. Ko lokacin murar aladu ta 2009, bincike a Birtaniya ya nuna masu asma da aka kwantar sun fi sauran majinyata tsira, saboda sun garzaya asibiti da wuri, kuma da yawansu suna kan maganin shaƙa mai rage kumburin hanyoyin iska. Akwai kuma dalili a cikin jiki. Ƙwayar korona tana shiga ne ta wata ƙofa da ake kira ACE2, an kuma gano cewa mai borin jini, wanda jikinsa ke tayar da ƙayar baya kan ƙura ko gashin dabba, ƙofofin nan sun ragu a hancinsa da hanyoyin iskarsa.

Wani zai ce ashe borin jini garkuwa ne. A'a. Binciken OpenSAFELY, wanda ya duba bayanan mutum miliyan 17 a Ingila a 2020, ya nuna masu asma mai tsanani, waɗanda ta kai su ga haɗiyar ƙwayoyin sitiroid, sun fi fuskantar mutuwa. Ƙwayar mura ta yau da kullum ma ita ce kan gaba wajen tayar da fuka. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke raba mai tsira da marar tsira shi ne ko an shawo kan ciwon tun kafin annoba ta iso.

Nan ne dole mai karatu a Yamai ya yi taka-tsantsan. Yawancin hujjojin nan daga ƙasashen da maganin rigakafin fuka ya fi samuwa suka fito. Ƙarancin mamatan korona a Nijar, kimanin 300 a lissafin hukuma, ba ya tabbatar da wata kariya, tunda kusan rabin al'ummar ba su kai shekara 15 ba. Maganin shaƙa na Ventoline kuwa yana buɗe ƙirji nan take, amma ba ya taɓa kumburin. Mai fukar da ke dogara da shi kaɗai ya ga likita tun kafin hunturu ya kama.