Garkuwar Jiki: Ina Gaskiya, Ina Ji-ta-ji-ta?

Wata ranar kasuwa a Ikara na tsaya kusa da motar wani mai magani, lasifika a saman mota, kwalabe jere a kan tabarma. Abin da yake ta nanatawa shi ne maganinsa yana ninka ƙarfin garkuwar jiki, duk wanda ya sha babu ciwon da zai raɓe shi. Wata dattijuwa ta kwance bakin zaninta, ta ƙirga kuɗi, ta sayi kwalba biyu. Ta ce na jikarta ne, wadda gaɓoɓinta ke kumbura, da safe ko kofi ba ta iya riƙewa. Abin ya tsaya mini a rai har yau, domin idan ciwon yarinyar irin wanda nake zato ne, garkuwar jikinta tana da ƙarfi har ya yi yawa. Linzami ne ya kuɓuce mata.

Wannan ita ce ji-ta-ji-ta ta farko, kuma uwar sauran: wai iya ƙarfin garkuwarka, iya lafiyarka. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Yaron da tamowa ta kama garkuwarsa tana rauni, haka mai ƙanjamau da ba ya shan magani. Dakashi da nonon uwa da abinci mai gina jiki suna taimakon garkuwa, wannan babu ja. Amma batun ƙarfi rabin zance ne.

Mu ɗauki fararen ƙwayoyin jini kamar 'yan sintirin gari. Ɗan sintiri mai ƙarfi wanda bai san 'yan gari ba ya fi ɓarawo haɗari, domin da dare zai sari maigida a ƙofar gidansa. Shi ya sa jiki yake da makarantar horar da su, wata 'yar tsoka a bayan ƙashin ƙirji da likitoci ke kira taimos, wadda ta fi girma da aiki lokacin ƙuruciya. A nan ake gwada ƙwayoyin da ake kira ƙwayoyin T, a nuna musu kamannin sassan jiki. Wadda ta zabura za ta kai wa na gida hari, nan take ake kashe ta.

Sai dai tankaɗe ba ya hana tsaki wucewa. Wasu masu taurin kai suna tsallakewa su shiga jini. A 1995 wani masani ɗan Japan, Shimon Sakaguchi, ya nuna cewa akwai wani rukuni na ƙwayoyin T da aikinsu shi ne tsawatarwa: su hana 'yan'uwansu taɓa jiki, su kuma ce a mai da wuƙa kube idan an gama da cuta. A 2001 wasu Amurkawa biyu, Mary Brunkow da Fred Ramsdell, suka gano ƙwayar gadon da idan ta lalace garkuwa ke juyowa ta cinye mai ita, wato Foxp3, a jikin wasu ɓeraye, aka kuma ga haka a jarirai masu wata cuta da ba a cika samu ba. Daga baya aka tabbatar ita ce ke tafiyar da waɗannan masu tsawatarwa. Su ukun aka bai wa kyautar Nobel ta fannin likitanci a watan Oktoba na 2025. Saboda haka kwalbar da ta yi alkawarin ƙarin ƙarfi kawai ba ta ce komai ba game da ainihin abin da ke damun masu ciwo irin na jikar dattijuwar nan.

Mu zo gida. A ƙasar Makarfi da Kudan, inda rake da mazarƙwaila suke ko'ina, idan yaro ya kamu da ciwon suga sai ka ji ana cewa shan rake ne ya jawo, uwa ta koma tana zargin kanta. Wannan ba gaskiya ba ne. Irin ciwon sugan da ya fi kama yara, wanda ake kira nau'i na ɗaya, garkuwar jiki ce ke lalata ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin ciki. Yaron da bai taɓa sa rake a baki ba ma yana iya kamuwa. Na manya, nau'i na biyu, shi ne ke da alaƙa da ƙiba da gado da rashin motsa jiki, kuma a nan yawan zaƙi yana da nasa kason. Alamomin na yara a bayyane suke: ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, yawan fitsari har yaron da ya daina fitsarin kwance ya koma yi, rama duk da yana cin abinci, wani lokaci kiyashi su taru inda ya yi fitsari. Maganinsa allurar insulin ce, wadda aka fara yi wa ɗan Adam a 1922 a Toronto. Hana shi zaƙi kaɗai ko ɗura masa ɗaci ba zai maye gurbinta ba, kuma jinkiri yana kisa.

Sai masu fararen tabo a fuska ko hannu, waɗanda ake ƙin cin abinci da su wai kuturta ce. Sau da yawa garkuwa ce ta kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi, kuma wannan ba a ɗaukarsa ko da kwano ɗaya kuke ci. Tabon kuturta yakan rasa ji, a taɓa shi mutum bai sani ba. Mai shakka ya je a duba shi, ga cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya, kuma maganin kuturta kyauta ne.

Batun rigakafi kuwa, har yanzu akwai masu cewa yawan allurai yana gajiyar da garkuwar jariri. Ƙarya ne. Jariri mai rarrafe a tsakar gida yana haɗuwa da ƙwayoyin cuta a wuni ɗaya fiye da abin da ke cikin alluran. Abin da aka tabbatar yana raunana garkuwa shi ne ƙyanda kanta, wadda ake yi wa rigakafin: binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna tana goge wani ɓangare na kariyar da jiki ya tara daga cututtukan baya, shi ya sa yaro kan tashi daga ƙyanda ya faɗa wani ciwon.

Akwai kuma ƙwayoyin da ake saye a kemis don ƙiba, irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda ake yi wa laƙabi da sha ka fashe. Ana ganin kumatu sun ciko sai a ce lafiya ta samu. Waɗannan magunguna danne garkuwa suke yi. A hannun likita rahama ne ga mai ciwon da garkuwa ke cinsa, amma shan su barkatai yana kawo hawan jini da suga da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kada ta daina farat ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ta nemi likita ya rage mata a hankali.

Wanda ya fi damuna shi ne ciwon maƙogwaro. Galibinsa mura ce mai wucewa, amma akwai wanda wata ƙwayar bakteriya ke kawowa, musamman ga 'yan shekara 5 zuwa 15. Wani sashe na wannan ƙwaya yana kama da naman zuciya, to sai garkuwa ta ruɗe, bayan mako biyu ko uku ta afka wa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Shekaru su wuce, ka ga matashiya tana haki daga ɗebo ruwa a rijiya, ko ciki ya kusa halaka ta, a ce sammu ne ko iska. Cire beli a wajen wanzami ba ya kashe wannan ƙwaya, ƙari ma yana iya jawo zubar jini da shigar wata cutar. Penisilin ne ke kashe ta, mai arha, kuma yaron da ciwon ya riga ya taɓa yana buƙatar allurarsa duk bayan mako uku ko huɗu na tsawon shekaru.

Iyaye, idan yaro ya yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro ba tare da tari ko majina ba, ku kai shi asibiti mafi kusa a duba shi. Idan kuma gwiwa ta kumbura yau, gobe idon sawu, ga haki, kada ku jira ranar kasuwa. Ku nemi a tura ku asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a duba zuciyarsa.