Zotero 7: Abin yi idan manhajar ta yi nauyi bayan sabuntawa

Tun da aka saki Zotero 7 a watan Agustan 2024, wasu masu bincike ke kokawa cewa manhajar da suke adana madogaransu a ciki ta koma tafiyar hawainiya. Ga ɗalibin da wa'adin miƙa kundi ya ƙarato masa, wannan babban tashin hankali ne.

Sau da yawa matsalar tana fitowa ne daga ƙananan manhajojin da ake liƙa mata, domin sabon zubin ya tilasta a sake rubuta su. A kashe su duka a sake kunna ta. Idan ta warware, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya har mai laifin ta bayyana.

Idan kuwa a cikin Word take jan ƙafa, a dakatar da sabunta madogarai kai-tsaye daga saitin takardar, a riƙa sabuntawa da hannu bayan kammala babi.

Kada a ajiye rumbun bayananta a Dropbox ko OneDrive, domin hakan na iya lalata shi. Kafin a taɓa komai kuma, a rufe manhajar a kwafi fayil ɗin zotero.sqlite zuwa filas, tunda wahalar shekaru tana cikinsa.